Yadda ake bin diddigin rikicin Musulmi da Yahudawa kafin a yi bayaninsa a majalisa

Duk wanda aka sani da ɗan karatu a unguwa, malamin makaranta ne ko ɗalibin jami'a ko mai jan baƙi a wurin tafsiri, wata rana sai an jefo masa tambayar nan: wai me ya haɗa Musulmi da Yahudawa? A nan Damagaram takan zo ne bayan sallar lisha, a fada, shayi na biyu yana kan garwashi, wani saurayi ya miƙo waya da hoton gidajen Gaza da aka mayar kufai, kowa ya yi tsit yana jiran abin da za ka ce. Ni da nake koyar da tarihi, ranar da aka fara yi mini ita a wata fada ta Birni, na amsa da cewa gaba ce tun fil azal kuma ba ta da ranar ƙarewa. Wani dattijo majemi da ke zaune gefen bango ya gyara zama ya ce: "Malam, gafarta mini, in tun fil azal ce, yaya aka yi Manzon Allah ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin Bayahude saboda sha'ir ɗin da ya karɓo wa iyalinsa?" Hadisi ne da ke cikin Buhari, na san shi sarai, amma ban taɓa ajiye shi kusa da amsar tawa ba. Abin da ke biye hanya ce da na riƙa bi tun daga wannan dare, ga wanda yake son ya fahimci lamarin da kansa kafin ya tsaya gaban mutane.

Ka fara da tsefe kalmomi

Kafin ka taɓa tarihi, ka raba kalmomi huɗu da bakinmu ya saba yi wa kuɗin goro. Bani Isra'ila su ne zuriyar Annabi Yaƙuba, kuma daga cikinsu ne Annabi Musa da Dauda da Sulaimanu da Zakariyya da Yahaya da Isa suka fito, tsira da amincin Allah su tabbata a gare su. Yahudawa kuwa al'umma ce mai addini da littafi, wadda yawanta a duniya a yau bai wuce miliyan 15 zuwa 16 ba, kimanin miliyan 7 a Isra'ila, mafi yawan sauran a Amurka. Sahayoniyanci aƙida ce ta siyasa da aka haifa a Turai a ƙarshen ƙarni na 19, mai cewa dole Yahudawa su sami ƙasa tasu a Falasɗinu. Isra'ila kuma gwamnati ce mai soja da majalisa, wadda aka kafa a 1948, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu riƙe da takardar ƴan ƙasarta Balarabe ne.

Ɗaya ɓangaren ma yana bukatar irin wannan tsifa. Akwai Kiristoci a cikin Falasɗinawa, kuma ƴar jaridar nan Shirin Abu Aƙila da aka harbe a Jenin a watan Mayun 2022 Kirista ce. Akwai Kiristocin Amurka masu yawa da suka fi wasu Yahudawa zafin goyon bayan Isra'ila, kamar yadda akwai Yahudawa, masu addini da marasa shi, da suke fita zanga-zanga suna la'antar abin da ake yi a Gaza. Idan ka bar waɗannan kalmomi a cakuɗe, duk bayanin da zai biyo baya a kan yashi ka gina shi. Ka lura kuma da ɗabi'armu ta kiran marowaci ko mai wayo "Bayahude", alhali mafi yawanmu ba mu taɓa haɗa ido da Bayahude ko ɗaya ba. Kakanninmu ma sukan ce "Yahudu da Nasara" suna nufin Turawan Faransa da suka ci garin nan a 1899. Kalmar ta daɗe tana ɗaukar kayan da ba nata ba.

Bayan haka ka ja dogon layi, a allo in makaranta ce, a ƙasa da tsinke in fada ce, ka yanka shi gida uku: zamanin Madina, sai ƙarnonin da Yahudawa suka zauna ƙarƙashin sarakunan Musulmi, sai shekaru ɗari da ƴan kai na rikicin ƙasar Falasɗinu. Amfanin layin shi ne mutane su gani da idonsu cewa gida na farko bai kai shekara 10 ba, na biyu ya haura shekara 1,200, kuma kowane gida yana da dalilansa.

Zamanin Madina

Lokacin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi hijira a shekarar 622, ya tarar da manyan ƙabilun Yahudawa uku a Madina, wato Banu Ƙainuƙa'a, waɗanda aka sani da ƙira da kasuwanci, da Banu Nadir da Banu Ƙuraiza, masu gonakin dabino da ganuwoyi. Ka fara daga yarjejeniyar da aka rubuta, wadda ake kira Sahifar Madina, domin a cikinta ne aka ce Yahudawa suna da addininsu, Musulmi suna da nasu, kuma za a haɗu a kare garin daga mahari. A wancan lokaci Musulmi suna fuskantar Baitul Maƙdis a salla, har wata 16 ko 17 bayan hijira, kafin a juyar da alƙibla zuwa Ka'aba kamar yadda aya ta 144 ta Suratul Baƙara ta nuna.

Saɓanin farko na aƙida ne: mafi yawan malaman Yahudawa ba su karɓi annabcin Manzon Allah ba, ko da yake wasu sun karɓa, irin su Abdullahi ɗan Salamu. Amma ka jaddada wa masu sauraro cewa ƙin musulunta kaɗai bai jawo yaƙi da kowace ƙabila ba. Littattafan sira sun ba kowane karo sababinsa. An fitar da Banu Ƙainuƙa'a a 624, bayan Badar, sanadin rikicin da ya tashi a kasuwarsu. An fitar da Banu Nadir a 625 bisa zargin ƙulla makircin kashe Manzon Allah, kuma Suratul Hashri ta yi maganarsu. Banu Ƙuraiza kuwa, an tuhume su da warware alkawari a 627, lokacin da rundunonin taron dangi suka kewaye Madina a yaƙin Handaƙ, kuma Sa'adu ɗan Mu'azu, wanda ƙabilarsa ta Ausu take ƙawance da su tun kafin Musulunci, shi ya yanke hukuncin a kashe mazajensu a kama mata da yara. Kada ka tsallake wannan wuri don yana da nauyi a baki. Musulmi suna karanta shi a matsayin hukuncin cin amanar gari a tsakiyar yaƙi, Yahudawa da yawa kuwa suna karanta shi a matsayin masifar da ta auka wa danginsu, kuma mai bayani yana da kyau ya san duka karatun biyu.

Daga nan sai Haibar a 628, inda bayan an ci garin aka bar mazaunansa a gonakinsu bisa sharaɗin ba da rabin amfanin gona, kuma daga can ne Nana Safiyya ƴar Huyayyu, ɗiyar shugaban Banu Nadir, ta zama uwar muminai.

A nan ne ake yawan zamewa wajen jawo aya. Wani zai karanto aya ta 82 ta Suratul Ma'ida, wadda ta ambaci Yahudawa da mushirikai da tsananin adawa ga muminai, ya ce magana ta ƙare. Sai ka nemi a buɗe aya ta 113 ta Ali Imrana, wadda ta ce ma'abota littafi ba duka suka zama ɗaya ba, da aya ta 5 ta ita Ma'idar, wadda ta halatta yankansu da auren matansu masu kamun kai, da aya ta 8 ta Mumtahana game da kyautata wa wanda bai yaƙe ka ba. Ka ƙara da hadisin gawar Bayahuden da aka wuce da ita, Manzon Allah ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko ta wace ce sai ya ce ashe ba rai ba ne. Idan kai ba malamin tafsiri ba ne, ka tafi da tambayarka wurin wanda ya karanci sababin saukar ayoyi kafin ranar zaman, domin ayar da aka cire daga mahallinta takan zama sanda a hannun kowa.

Dogon zangon da ake mantawa

Gida na biyu shi ne wanda masu zafin kai na ɓangarorin biyu ba sa son a daɗe a cikinsa, don haka kai ka daɗe. Rumawa ne suka rushe babban ɗakin ibadar Yahudawa a Ƙudus a shekara ta 70, daga baya suka hana su zama a birnin, kuma bayan Sayyidina Umar ya karɓi birnin wajen 638 ne aka sake barin iyalan Yahudawa su zauna a ciki. Da mayaƙan Salibiyya, Kiristocin Turai, suka shiga a 1099, Musulmi da Yahudawa tare aka karkashe su.

Matsayin Bayahude a daular Musulunci shi ne na zimmi: yana biyan jiziya, ana kare ransa da dukiyarsa da wurin ibadarsa, malamansa suna yi masa shari'ar aure da gado, amma ba a ɗaukarsa daidai da Musulmi, kuma a wasu zamunna an tilasta masa tufafi na dabam, an hana shi hawan doki ko gina sabon ɗakin ibada. Ka faɗi duka biyun. A Ƙurɗuba ta Andalus, Hasdai ɗan Shafrut ya zama likita kuma mashawarcin Halifa Abdurrahmani na Uku, a Garnaɗa kuwa Bayahude ya riƙe waziranci, amma a wannan Garnaɗar ce aka yi wa Yahudawa kisan gilla a 1066. Musa ɗan Maimuna, babban malaminsu da ya rubuta mafi yawan littattafansa da Larabci, ya gudu daga Andalus saboda tsanantawar daular Muwahhiduna, kuma inda ya sami mafaka shi ne Masar ta Musulmi, ya zama likita a fadar gidan Salahuddini har ya rasu a 1204.

Akwai shekara ɗaya da nake son kowane mai bayani ya riƙe, wato 1492, domin ta shafe mu kai tsaye. A cikinta ne sarakunan Kirista na Sifaniya suka kori Yahudawa, Sarkin Musulmin Turkawa Bayazidu na Biyu ya buɗe musu ƙofofin daularsa, har birnin Salonika ya zama ɗaya daga cikin manyan garuruwansu. A wajen wannan lokacin ne kuma, a Tuwat ta kudancin Aljeriya ta yau, Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarimu al-Magili ya jagoranci rushe ɗakin ibadar Yahudawan Tamantit, bisa hujjar cewa sun keta sharuɗɗan zimma. Alƙalin wurin, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda da shi ba, aka aika wa malaman Fas da Tilimsan da Tunis tambaya, fatawoyinsu suka saɓa. Wannan al-Magilin ne daga baya ya ratso Ayar da Takadda, ya zauna Kano wurin Sarki Muhammadu Rumfa, ya je Katsina da Gawo wurin Askiya Muhammadu, kuma rubuce-rubucensa sun yi tasiri ƙwarai a kan malaman ƙasar Hausa. Malami ne mai girma a wurinmu, amma girmansa bai share gaskiyar cewa malaman Malikiyya na zamaninsa sun yi jayayya da shi a kan wannan mas'ala ba.

Ko ayarin fataken da ke tashi daga unguwar Zango a zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, ya bi ta Agadas da Gat ya kai fatu da gashin jimina Tarabulus, cikin masu sayen kayan a can akwai ƴan kasuwar Yahudawa. Ciniki ne aka yi shekara da shekaru.

Inda ƙasa ta shigo

A ganina, kuma wannan hukunci nawa ne, mafi kaurin saiwar abin da muke gani a yau tana cikin gida na uku, kuma irinta daga Turai aka kawo shi. Ka fara da halin da Yahudawa suke ciki a can: hare-haren da aka riƙa kai musu a daular Rasha daga 1881, da shari'ar ƙage da aka yi wa hafsan soja Bayahude, Dreyfus, a Faransa a 1894. Ɗan jarida Theodor Herzl ya yanke cewa Turai ba za ta taɓa karɓarsu ba, ya tara taron Sahayoniya na farko a birnin Basel a 1897. A lokacin Falasɗinu tana ƙarƙashin Turkawa, mafi yawan mazaunanta Larabawa ne, Musulmi da Kirista, tare da tsirarun Yahudawa da suka daɗe a Ƙudus da Halil da Safad da Ɗabariyya.

Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ingila ta yi wa Sharifin Makka alkawarin daular Larabawa, ta ƙulla da Faransa a asirce a 1916 yadda za su raba yankin, sannan a ranar 2 ga Nuwamba 1917 ministanta na harkokin waje, Balfour, ya rubuta takardar alkawarin kafa wa Yahudawa gida a Falasɗinu. Mu da Turawa suka ja layi tsakanin Damagaram da Kano ba tare da sun tambaye mu ba, wannan ba baƙon labari ba ne a kunnenmu. Ƙidayar 1922 ta nuna Yahudawa kimanin kashi 11 cikin 100 ne na mazauna ƙasar, amma zuwa 1947 sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku, galibi saboda masu gudun Hitler.

Don mutane su gane yadda wutar ta kama, ka kawo musu misalin gona. Ƙungiyoyin Sahayoniya sun sayi filaye masu faɗi daga attajiran da ke zaune nesa, kamar gidan Sursuƙ na Beirut da ya sayar da kwarin Marju Ibni Amir, sai manomin da ya gaji noman wurin daga kakansa ya wayi gari an ce ya tashi, an nuna masa takarda. Duk wanda ya taɓa zama a zauren mai gari ranar shari'ar gona ya san cewa mai takarda da mai gatari kowa yana ganin shi ne mai gaskiya. A 1929 rikici ya ɓarke a kan bangon da Musulmi ke kira na Buraƙa, Yahudawa kuma suke ibada a gindinsa, aka kashe Yahudawa 133 da Larabawa 116, ciki har da Yahudawa 67 a Halil. Daga 1936 zuwa 1939 Larabawa suka yi bore, Ingila ta murƙushe shi da ƙarfi.

Kisan da gwamnatin Nazi ta yi wa Yahudawa kimanin miliyan 6 gaskiya ne da takardun Jamusawa kansu suka tabbatar, kuma duk wanda ya musanta shi a majalisarka ka tsayar da shi, domin musun ba ya ƙara wa Falasɗinawa komai sai zubar da ƙimar mai maganar. Turawa ne suka yi kisan, a ƙasar Turai. A ɓangaren Musulmi akwai Muftin Ƙudus Amin al-Husaini da ya gana da Hitler a 1941, akwai kuma Musulmin Albaniya da suka ɓoye Yahudawa a gidajensu.

A ranar 29 ga Nuwamba 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri mai lamba 181 na raba ƙasar, ta ware wa daular Yahudawa kimanin kashi 55 cikin 100, a lokacin da filin da suka mallaka bai kai kashi 10 ba. Shugabannin Sahayoniya suka karɓa, Larabawa suka ƙi. Yaƙi ya tashi, aka yi kisan ƙauyen Dair Yasin a Afrilun 1948, aka shelanta Isra'ila a ranar 14 ga Mayu, rundunonin ƙasashen Larabawa suka shiga washegari. Fiye da Falasɗinawa 700,000 aka kora ko suka gudu, ƙauyuka sama da 400 suka zama kango, kuma ba a bar su sun koma ba. Wannan ita ce Falasɗinawa suke kira Nakba, wato masifa. A shekarun da suka biyo baya, Yahudawa kimanin 800,000 suka bar ƙasashen Larabawa, wasu da kora da ƙwace, wasu da tsoro, wasu da kiran Isra'ila, har unguwannin da suka shekara dubu a Bagadaza da San'a da Alƙahira suka zama ba kowa. Ka ambaci hijirar biyu, ba don ɗaya ta biya bashin ɗaya ba, sai don kowane gida a can yana da makokin da yake ba ƴaƴansa labari.

Abin da ya biyo baya za ka iya wucewa da sauri, domin rediyo ya riga ya sanar da mutane yawancinsa. A yaƙin kwana 6 na Yunin 1967 Isra'ila ta mamaye gabashin Ƙudus da Gaɓar Yamma da Zirin Gaza da Sina'i da Tuddan Golan, kuma a yau ƴan kama-wuri-zauna sama da 700,000 ne suke Gaɓar Yamma da gabashin Ƙudus, abin da Kotun Duniya ta ce a Yulin 2024 ya saɓa wa doka. Masar ta yi sulhu a 1979, Jodan a 1994, an sa hannu a yarjejeniyar Oslo tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa a 1993. Shugaban Masar Anwar Sadat Musulmi ne suka harbe shi a 1981, firaministan Isra'ila Yitzhak Rabin kuwa Bayahude ne ya harbe shi a 1995, duka saboda sulhu. A ranar 7 ga Oktoba 2023 harin Hamas ya kashe kimanin mutum 1,200, yawancinsu farar hula, aka yi garkuwa da kimanin 250, yaƙin da Isra'ila ta ƙaddamar kuma ya kashe dubun-dubatar mutanen Gaza, da yawansu mata da yara, ya rushe mafi yawan zirin.

Wurin da addini da ƙasa suka sarƙe shi ne tudun Masallacin Aƙsa, wanda farkon Suratul Isra'i ya ambata, kuma shi ne wurin da Yahudawa suke ɗauka mafi tsarki a duniya saboda ɗakin ibadarsu da aka rushe. Da aka cinna wa masallacin wuta a ranar 21 ga Agusta 1969, wanda ya aikata wani Kirista ne ɗan Ostireliya, amma gobarar ce ta sa shugabannin Musulmi suka taru a Rabat a watan Satumba suka kafa Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi. Nijar tana cikinta tun farko, kuma ɗan jihar nan, Hamid Algabid, ya riƙe sakatarenta daga 1989 zuwa 1996. Ƙasarmu ta yanke hulɗa da Isra'ila a 1973, ta mayar a 1996, ta sake yankewa a 2002.

Kayan da ba namu ba

Akwai ƙarairayi da suka shigo cikin maganar kamar tsakuwa a cikin gero, kuma aikinka ne ka tsince su. Ƙagen cewa Yahudawa suna yanka mutane don amfani da jininsu a ibada tatsuniya ce ta Turai, kuma shahararren karon da ta yi a ƙasar Musulmi shi ne a Dimashƙa a 1840, inda jakadan Faransa ya rura wutar. Littafin nan da ake kira Furotokol na dattawan Sahayoniya, mai cewa Yahudawa sun ƙulla mallake duniya, jabu ne da aka fara bugawa a Rasha a 1903, kuma wata jaridar Landan ta tona a 1921 cewa an kwafo shi ne daga wani tsohon rubutun Faransanci da bai ma shafi Yahudawa ba. An fassara shi da Larabci daga baya, shi ya sa wasu ɗalibanmu suke ɗaukarsa kamar littafin malamai. Haka nan dokar Faransa ta 1870, wadda ta ba Yahudawan Aljeriya takardar zama Faransawa ta bar Musulmi a baya, ta raba maƙwabtan da suka daɗe suna magana da harshe ɗaya. A ɗaya gefen ma akwai ƙaryar da ta yi kauri, wato cewa Falasɗinu fili ne da ba kowa kafin baƙi su zo, da kuma yi wa kowane Bafalasɗine kallon ɗan ta'adda.

Hotunan waya su ma sai an tace. Wani ɗalibina ya taɓa kawo mini bidiyon yara a ƙarƙashin ɓaraguzai, an rubuta Gaza a kai, hannunsa yana rawa. Muka tsayar da hoton, muka saka shi a manhajar binciken hoto ta Google, sai ga shi ya fito da kwanan wata na shekarun baya, daga Halab ta Siriya. Abin da ke faruwa a Gaza bai bukaci a ara masa hoton wani wuri ba. Ka koya wa matasa su duba wanda ya fara sakin hoto da ranar da ya sake shi kafin su tura a WhatsApp, kuma hujjarka tana aya ta 6 ta Suratul Hujurati.

Ranar zaman

Kada ka yi ƙoƙarin gama komai a dare ɗaya. Zama uku ya fi, kowane gida da darensa, kuma ka zo da taswira ko da zanen hannu ce, domin mutane da yawa ba su san cewa Zirin Gaza tsawonsa kilomita 41 ne kacal ba, bai kai rabin tafiyar Damagaram zuwa Magariya ba, kuma mutum sama da miliyan 2 ne a ciki. Ka bar dattawa su fara magana, ka ba mai zafin rai damarsa ba tare da ka kunyata shi ba, sannan ka tambaye shi a hankali wane zamani yake nufi, kuma wane mutum. Idan zance ya fara karkata zuwa ga wanda za a huce a kansa a nan gida, ka tuna wa jama'a ranar 16 ga Janairu 2015, lokacin da fushin zanen ɓatanci da aka buga a Paris ya sauka a kan majami'u da shagunan maƙwabtanmu a garin nan, aka rasa rayuka, aka bar jaki ana dukan taiki. Aya ta 8 ta Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa a bar adalci, ta 164 ta An'ami kuma ta ce rai ba ya ɗaukar laifin wani.

Tambaya ɗaya ba ta fashi, galibi a zama na uku: hadisin yaƙin ƙarshen zamani da Yahudawa, wanda dutse da itace za su yi magana. Kada ka ce babu shi, domin yana cikin Buhari da Muslim, kuma akwai wanda ya haddace shi a wurin. Ka bayyana cewa malamai sun sanya shi a babin alamomin tashin ƙiyama, masu sharhi da dama sun danganta shi da zamanin Dujal da saukowar Annabi Isa, kuma labari ne na abin da zai auku, wanda malaman fiƙihu ba su gina hukuncin zama da zimmi ko cinikayya da shi a kansa ba tsawon ƙarnonin nan. Idan aka matsa maka da abin da ya fi ƙarfin karatunka, ka rubuta tambayar a takarda a gaban kowa, ka kai wa limamin unguwa ko malamin zaure, ka gayyace shi zama na gaba ya amsa da bakinsa.